Shekarar da Aka Ɗora Ni Kan Soro

Akwai wani lokaci a garin nan na Guangzhou, idan sanyi ya fara ja da baya, da bango yake yin gumi. Ba ruwa ake yi ba. Ka ɗaga kai ka ga sama fari fat, amma ka dafa bango hannunka ya jiƙe, madubi ya rufe, daɓen ɗaki ya yi santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. Wanki ya gaji da zama a igiya ya sauko da wari. Shekarar da ɗana ya kawo ni nan, da na ga haka sai na bi tagogi na bubbuɗe, don a wurinmu abin da ya jiƙe iska ake ba shi. Wata tsohuwa 'yar ƙasar, da muke ƙofa da ƙofa, ta faɗo mini ɗaki ba sallama tana "meyo, meyo," wato a'a da yarensu, tana bi tana rurrufewa. Na tsaya ina kallonta, na ce wannan wace irin mara ta-ido ce. Ashe ita ce da gaskiya. Iskar ce take kawo laimar, iskar kudu daga teku, in ka buɗe mata taga ka buɗe wa ruwa.

Bana da lokacin ya zagayo, na buɗe gwangwanin gishiri zan ba surukata Maryam, sai na tarar ya dunƙule, yana naso. Na daɗe riƙe da shi. Gishiri mai laima, iska mai nauyi, ga sama ba ɗigo ko ɗaya. Na san wannan yanayin tun kafin in san akwai wata ƙasa wai ita Sin.

Ni ban yi boko ba, karatuna bai wuce abin da zan yi sallah da shi ba. Faɗa nake yi Maryam tana rubutawa, na kuma gaya mata kada ta yi wa maganata kwalliya.

A makon nan na gumin bango aka kawo mini maganar Ummi.

Ummi jikata ce, 'yar Alhaji, ɗana na fari wanda har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba. Sunana aka sa mata, shi ya sa uban yake ce mata Ummi. Tana goye aka zo da ita ƙasar nan, ta yi makarantarsu tun daga ƙasa har jami'a. A ofishin ubanta da ke benen Tianxiu, inda yake haɗa wa 'yan kasuwar Kwari ta Kano kaya yana loda musu kwantena, ita ce harshensa. In mai masana'anta ya fara cewa babu, ita ake miƙa wa waya, kafin ka ankara abin da aka ce babu ya samu. To, malaminta na jami'a ya sa ta cikin waɗanda za su tafi can ƙarshen duniya ta arewa, inda ƙanƙara take rufe ƙasa, rana ta faɗi ta ƙi fitowa wata da watanni, su zauna tun daga kaka har bazara suna auna iska. Malamin yana jiran amsa kafin Juma'a. Uban ya ce mata, "Ni ba ni da ta cewa. Abin da Hajiya ta yanke, shi ke nan."

Na san ɗana. Da yamma sai ga shi da ledar ayaba, ya zauna a ƙasa dab da ƙafata, abin da rabonsa da yi tun ranar da zai ce mini in baro Kano.

Ya ce, "Hajiya, wurin nan fa ba masallaci, ba ladan. Ranar ma da za a duba a yi sallah babu ita. Naman da za ta ci kuwa sai Allah. Kuma duk wannan don a auna iska. Iska fa, Hajiya."

Na ce, "Kai me ka ce mata?"

"Na ce sai abin da kika ce."

"Na ji wannan. Kai me ka ce?"

Ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Ofis zai tsaya. Yaron da na ɗauka, nihao da sheshe, sannu da na gode, kaɗai ya iya."

Nan na gane. Duk unguwarmu ta Xiaobei an san Hajiya ba ta dariya. Har 'yan Kumasi da 'yan Damagaram da suke zuwa cin tuwon Maryam, in suka ga ina zaune sai su rage murya. Fuskata Alhaji yake so ya ara ya hana 'yarsa, shi ya fita da tasa fuskar lafiya.

Washegari ina tsince busasshiyar kuɓewa da laima ta fara sa wa fumfuna, na kira yarinyar.

Na ce, "Takwara, zauna. Wace iska ce wannan da sai an je bangon duniya? Ta garin nan ba ta ishe ku ba, ga ta har ɗaki tana biyo mu?"

Ta yi dariya. Ta ce, "Tsohuwa, wannan ai ta ƙasa ce, ta masu shanya. Tamu tana can sama da gajimare, sama da inda jirgi yake bi, inda ko tsuntsu bai taɓa zuwa ba."

"To ke da ƙafafu kamar sillen kara, da me za ki hau?"

Ta ce ba hawa ake yi ba. Wai wani fili ne aka kakkafa sandunan ƙarfe da wayoyi a cikin ƙanƙara, suna ce wa na'urar rada. Ita take aika wani kira sama wanda kunne ba ya ji. A can saman kuma kullum ƙananan tsakuwoyi suna faɗowa suna ƙonewa, irin abin da muke cewa tauraro ya faɗi, sai dai yawancinsu sun yi ƙanƙanta ido ya gani. Kowace in ta ƙone tana barin ɗan sawu kamar hayaƙi, iska ta ja sawun, kiran ya bugi sawun ya dawo, na'urar ta gane inda iskar ta nufa da irin gudunta.

Na ce, "Wato kamar mai shiƙa, ta ɗebi ƙaiƙayi ta watsa ta ga inda ya yi."

Ta ce, "Haka, sai dai mu ba mu ne muke watsawa ba. Kin ga, Hajiya, iska ba ɗaya ba ce. Hawa-hawa take kamar benen nan. Ta ƙasa ta yi gabas, ta bisanta ta yi yamma, a kan wannan kuma akwai wata."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Na taɓa jin maganar nan a bakin wani, shi kuma tambaya ya yi, ba a samu mai ba shi amsa ba.

Ƙauyen da aka kai ni aure yana arewa da Kano, ƙasar rairayi ce, gero da wake. Gandu ɗaya muke: Baba, wato surukina, da Inna matarsa, da 'ya'yansu maza uku da matansu da yara. Ni ce ƙaramar suruka, Alhaji yana goye a bayana. A duk gidan ɗaki ɗaya ne na soro, sauran na ciyawa ne. Tun Baba yana da ƙarfi, in bazara ta yi, kullum bayan la'asar yakan jingina tsani ya hau soron nan ya dubi gabas, don daga nan hadarinmu yake tasowa. Shi yake cewa a yi shuka ko a dakata. A shekarar da nake faɗa yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai fari da duhu.

Ya gwada 'ya'yansa. Babban, in ya hau, ko ɗan gajimare kamar tafin hannu ya gani sai ya ce ga ruwa nan tafe. Na tsakiya kullum cewa yake babu komai, don ya sauko da wuri. Mijina kuma sai ya tsaya ya ji abin da yayyensa suka ce.

Abin da ya ja mini, da azumin da ya wuce an fito tsakar gida duban wata. Kowa yana ga shi can, ga shi can, har da masu nuna shi a wuri biyu. Aka ce amarya ke fa? Na ce ni ban gani ba. Aka yi mini dariya. Washegari da ya tsaya sosai, ni na fara nuna shi. Ashe Baba yana bayan zana yana ji.

Ya ce wa Inna a ɗora yarinyar nan.

Inna ta ce, "Malam, suruka a kan soro, kai kana ƙasa? Me gari zai ce?"

Ya ce, "Ido nake nema."

Ni da ko hanya ba na haɗawa da shi, in na ji gyaran muryarsa sai in koma ɗaki, yau ni ce zan tsaya bisa kansa. Sai aka yi dabara. Shi ya shimfiɗa buzu a gindin bango ya ba ni baya. Inna ta tsaya a gindin tsani. Ya ce, "Tambaye ta me ta gani." Inna ta ɗaga kai ta ce, "Wai me kika gani?" In faɗa, ita kuma ta juya ta maimaita masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Inna mace ce mai taushin zuciya, ba ta iya kai mugun labari yadda yake. In na ce hadarin ya watse, sai ta ce, "Ta ce ya ɗan ja baya." Shi kuma ko motsi bai yi ba zai ce, "Ba haka ta ce ba."

Lokacin hawan nan shi ne lokacin dakan tuwon dare. Taɓarya uku ake sa wa turmi, aka cire tawa. Faccalolina ba su yafe ba. In na ɗaura goyo na nufi tsani sai babbar ta ce, "Gimbiya za a tafi shan iska. A gaishe mana da hadarin." Ɗayar ta ce, "Ki ce masa tuwonsa yana nan mun daka masa."

Bazarar ta zo da duk alamunta, ba wadda ta rage. Iska ta juyo daga kudu maso yamma, mai nauyi, mai ɗumi. Gishiri ya yi laima a ƙoƙo. Igiyar guga ta yi taushi. Shamuwa ta zo ta yi sheƙa a kan tsamiya, tururuwa tana kwasar ƙwai. Zafi kuwa, in ka kwanta tabarma ta manne maka a baya, yara duk ƙuraje sun feso musu a wuya. Da asuba mu tafi rijiya, guga ta daɗe tana tafiya ta dawo da rabi, rabin ma laka. Mu ajiye ya kwanta kafin a sha. Kowa yana cewa damina ce mai albarka take tafe, don ba a taɓa ganin laima irin wannan ba.

Aka yi ruwa ɗaya, aka fita shuka, maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Gero ya tsiro kore shar, ya tsaya yana jira, rana ta ƙone shi. Aka sake samun yayyafi, aka sake shukawa. Wannan ko fitowa bai gama yi ba. Aka fita roƙon ruwa, maza suka juya riguna, aka dafa ɗan abin da ya samu aka raba wa yara sadaka. Muka dawo gida da ƙishirwa.

Ni kuwa kullum ina kan soro, abu ɗaya nake gani. Hayaƙin madafan gari duk ya karkata gabas, mayafina ma can iska take jansa. A gabas ɗin hadari ya taso baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya yi ta hawa. Da ya kai wani wuri sai kansa ya baje, a fara jansa gefe kamar ana shiɓar auduga, a ja, a ja, ta wata fuska dabam da inda mayafina yake yi. Kafin magariba gindin ya rasa kai, ya zube. Sai wata iska mai sanyi ta zo ta kaɗa mana zana, ta kawo ƙamshin ruwan da aka yi wa wasu.

Ranar da na fara faɗin wannan, Inna ba ta san yadda za ta maimaita ba. Baba ya ce, ba da kowa yake ba, "Iska biyu ke nan. Ta ƙasa ta kawo, ta sama ta ɗauke. To ita ta saman wa yake kora ta? Ko akwai wata a bisanta?" An tambayi liman, ya ce Allah ne masani, kuma gaskiya ya faɗa.

Rumbu ya yi ƙasa. Tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwa-ruwa, har kana ganin gindin ƙwarya. Muka shiga daji tsinkar tafasa da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Dusar da muke ba akuya muka tankaɗe ta muka dama. Akuyar ma aka kai ta kasuwa. Dakan da ake yi mini gori a kansa ya zama na ɗan abin da bai rufe gindin turmi ba, amma ba a fasa sa taɓarya ba, don maƙwabta su ji gidan yana daka. Nonona ya tsinke, yaron ya kama ya saki ya yi kuka, ya gaji ya yi barci. In ina hawa tsani sai in ga wuta-wuta a idona, in tsaya in rungume itacen har jirin ya wuce.

Iri ya rage tulu ɗaya. An cakuɗa shi da toka, an liƙe bakin da laka, yana ƙarƙashin gadon Inna. Yara sun san yana nan. Sai ka ga yaro ya shiga ɗakin ba aike, ya zauna kusa da gadon kawai. Inna ba ta kora, ba ta kuma fita ta bar shi.

Wata safiya aka yi ruwa, ba mai yawa ba, ba kuma na rainawa ba. Mijina ya tona ƙasa da hannu, laima ta rufe yatsunsa ta tsaya. Irin wannan ruwan in aka yi shuka a kansa, sai wani ya biyo baya da wuri, in ba haka ba an binne iri a banza. Gari ya fashe, kowa da sungumi a kafaɗa. 'Ya'yan Baba uku suka tsaya a zaure da nasu. Ya ce a jira la'asar.

Ranar da na hau, ban taɓa ganin tsakar gidanmu ta cika haka ba. Maza da mata da yara, kowa ya ɗaga kai, ba gabas suke kallo ba, ni suke kallo. Na san abin da suke so in ce. Ni ma shi nake so in ce. Na dubi gabas na daɗe, na goge ido na sake dubawa.

"Tambaye ta me ta gani."

Na ce, "Akwai hadari a gabas. Amma ana jan kansa, kamar kullum."

Inna ta ce, "Ta ce akwai hadari a gabas."

Baba ya ce, "Ba nan ta tsaya ba." Sannan ya ce a ajiye sungumi.

Kwanaki suka ja. Shukar mutane ta fito, ta fara lanƙwasa, har wasu suna cewa tsohon nan makaho ya fi masu ido. Sai ga ruwa da hantsi, ba wata alama da na gani a jiyansa, ruwa kamar da bakin ƙwarya, har kwaɗi suka yi kuka a bayan gida. Shukar maƙwabta ta miƙe tsaye. Mu kuwa ranar muka fasa tulu, muka bi laka muna shuka, muna wuce gonakin mutane da geronsu ya riga ya yi ganye. Kowa a gidan ya san abin da wannan tazarar take nufi in damina ta ɗauke da wuri.

Washegari da la'asar ban nufi tsani ba. Na ɗauki taɓarya na shiga tsakanin faccalolina. Ba wadda ta yi mini gori, ba wadda ta dube ni. Gorin ya fi sauƙi. Baba ya fito da buzunsa yana lalube, ya shimfiɗa a gindin bango ya zauna. Ya jira. Inna ta je ta durƙusa ta ce, "Malam, a bar hawan nan haka. Yarinyar nan ta sha isa."

Sai ya juyo. Tunda aka kawo ni gidan bai taɓa fuskantar inda nake ba. Ya bi ƙarar turmi da fararen idanunsa ya ce, "Ke, uwar yaron nan."

Taɓare suka tsaya. Na zube ƙasa.

Ya ce, "Abin da kika faɗa, kin gan shi ko ba ki gan shi ba?"

Na ce na gani.

"To. Ban aike ki ki kawo ruwa ba. Ajiye sungumi kuma ni na ce, ba ke ba. Gida in ya kai gida, ba ya rasa hannu ɗaya da zai cire daga turmi ya ce je ka duba mana. Ajiye taɓaryar nan ki hau."

Iyakar maganar da ta taɓa shiga tsakanina da shi ke nan. Na hau.

Damina ta ɗauke da wuri. Maƙwabta suka samu rabin abin da suka saba, mu zangarniya ta fito ido bai cika ba, ka murza a tafi ka hura, ba abin da zai rage. Maza suka tafi Kano cin rani. Tasoshin aurena suka bi akuya, aka sayo garin kwaki, abin da ban taɓa sa wa a baki ba sai shekarar. Baba in an kai masa ƙwarya sai ya taɓa ya ce ya ƙoshi, a ba yara. Bai ga damina ta gaba ba. Da bazara ta zagayo na jingina tsani na hau sau ɗaya, na dubi gabas, na sauko. Ba mai tambaya.

Ban taɓa ba Alhaji labarin nan ba. Ba abin da ake zama a ba ɗan fari ba ne.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ce Maryam ta kira mini su biyun. Tagogi a rufe, fanka tana juya iska mai nauyi, bango yana ta zubar da gumi. Alhaji ya zauna a kujera yana jan carbi, fuskarsa irin ta wanda ya riga ya san hukunci. Ummi ta zauna a tabarma.

Na ce, "Takwara, tambaya ɗaya zan yi miki. Wannan abin naku, in kun gama aunawa, zai gaya wa mutumin ƙauyenmu ranar da zai fasa tulun iri?"

Na zuba mata ido. Yarinyar ba ta da wauta, ta san in ta ce i ƙofa ta buɗe, ta kuma san ba ni da hanyar da zan bi in gane. Ta dubi ubanta, ta dubi tabarma.

Ta ce, "A'a, Hajiya. Masu duban ruwan damina dabam suke. Tamu ta yi nisa da hadari ƙwarai. Malamanmu suna ganin abin da yake faruwa a can yana taɓa na ƙasa, shi ya sa ake zuwa ƙarshen duniya, don a can iskar take yin abubuwan da ba ta yi a nan. Amma yadda yake taɓawa ba a gama sani ba. Mai yiwuwa in tsufa kamar ke ban ga ya shiga gonar kowa ba."

Alhaji ya saki carbi. Ya ce, "Kin ji ko, Hajiya? Da bakinta."

Na ce, "Na ji. Ni dai na yarda ta tafi."

Ya ce, "Hajiya..."

Na ce, "In hana ta za ka yi, 'yarka ce, ga ta ga ka, hana ta da bakinka. Kada ka ari fuskata. Sallah kuma, gobe Juma'a, in kun idar a masallacin Huaisheng ka tsaya ka tambayi malamai yadda ake yi a inda ba rana. Ba ita ce Musulma ta farko da ta taka can ba."

"Ofis fa?"

"An taɓa cire taɓaryata daga turmi a shekarar da ta fi wannan tsanani. Kai ma ka hau soro duban iska, kana bayana kana tsotsar hannu. Ka nemi wani harshen ka biya shi."

Bai gane maganar soro ba, bai kuma tambaya ba. Ya dubi 'yarsa, ita ma ta ɗago. Na ba shi lokaci, ban taimake shi ba. Can ya sunkuya ya ɗauki carbinsa ya ce, "Allah ya sa albarka." Ya fita bai rufe ƙofa ba, Maryam ta bi ta rufe don laima.

Ummi ta matso za ta rungume ni. Na ce ta tsaya can, zafi ake yi. Na ce, "Sharaɗi ɗaya. In an tambaye ki, ki faɗi abin da kika gani, ba abin da ake so a ji ba."

Ta ce, "Tsohuwa, ai na gada."

Yanzu da nake faɗin wannan bango ya daɗe da bushewa, sanyi ya shigo, gishiri yana zuba sar-sar. Ta tafi tun kaka, da yaji da kuka da kilishi a jaka. Takan kira mu da la'asar ɗinmu, su can safiya ce wai, amma duhu ne kamar an kife tukunya. Uban ba ya karɓar wayar. In ta kira sai ka gan shi ya shigo neman makulli ko caja, ya zauna a hannun kujera ya ba mu baya.

Shekaranjiya ta kira daga waje, fitila a goshinta, tana nuna mini sandunan ƙarfen a jere cikin ƙanƙara kamar karan dawa bayan girbi. Fuskar duk a naɗe, leɓenta ya tsage. Alhaji daga inda yake zaune ya ce, "Hajiya, tambaye ta me suka gani yau."

Na tambaye ta. Ta ce, "Yau ba mu ga komai ba. Ƙanƙara ta tsinke waya, tun ɗazu muke nema. Yatsuna biyu ba na jin su, amma an ce za su dawo."

Na juya zan gaya masa. Na dubi ƙeyarsa, furfura ta fara cin ta. Sai na ji bakina yana cewa, "Ta ce suna nan lafiya, aiki yana tafiya."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ba haka ta ce ba, Hajiya."

Sannan ya taso ya miƙo hannu, na ba shi wayar.